Shin ya dace a sa jariri a keken koyon tafiya, kuma daga wata nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ina zaune a Jos, a gidan haya mai dakali hawa biyu tsakanin ƙofar ɗaki da tsakar gida. Ɗana ya cika wata shida, ya fara zama amma sai an tokare shi da filo. Uwar mijina ta sayo masa keken koyon tafiya, irin mai mazauni a tsakiya da ƙananan tayoyi a ƙasa, ta ce zai ƙarfafa masa ƙafa, domin ɗan maƙwabciyarmu da aka riƙa sa wa a ciki ya yi tafiya yana wata goma. Daga wata nawa ya kamata in fara sa shi, kuma tsawon wane lokaci a rana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya yaron, ya kuma saka wa kakarsa da alheri bisa kulawar da ta nuna. Amsar da zan ba ki kai tsaye ita ce, babu watan da zan ce miki ya dace a fara sa jariri a cikin irin wannan keke mai mazauni da tayoyi, ko a wata shida ne, ko a wata tara, ko bayan haka. Shawarata ita ce kada ki sa shi ko kaɗan. Na san wannan magana tana da nauyi idan aka yi la'akari da cewa an riga an kashe kuɗi, kuma wadda ta sayo babba ce a gida, saboda haka zan yi miki bayanin dalilan dalla-dalla, domin ki samu abin da za ki riƙe idan maganar ta taso tsakaninki da maigida ko da Hajiya.

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne ko keken yana yin aikin da aka saye shi dominsa. Tafiya ba ƙarfin ƙafa kaɗai take buƙata ba. Kafin yaro ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye ba tare da ya faɗi ba, sai wuyansa da bayansa da cikinsa da ƙugunsa sun yi ƙwari, sai kuma ƙwaƙwalwarsa ta koyi yadda za ta mayar da nauyin jiki daga wannan ƙafa zuwa waccan, ta kuma san lokacin da jiki ya karkata domin ta gyara shi. Wannan koyo yana zuwa ne ta hanyar juyi a ƙasa, da zama, da jan ciki, da rarrafe, da dafa kujera a miƙe, da sakin hannu a faɗi da mazaunai a sake tashi. A cikin keke kuwa, mazaunin ne yake ɗauke da nauyin yaron, ba ƙafafunsa ba. Idan ya karkata, zagayen keken ya tare shi, don haka jikinsa ba ya samun dalilin koyon daidaita kansa. Ki lura da kowane yaro da ke ciki, za ki ga ya jingina ƙirjinsa gaba yana tura ƙasa da yatsun ƙafa, dugadugansa a sama, farantin da ke gabansa kuma ya rufe masa ganin ƙafafunsa. Wannan motsi daban ne da na tafiya, wadda ake yi jiki a miƙe, tafin ƙafa yana taka ƙasa sosai.

An yi nazari a kan wannan. A shekarar 2002 masu bincike a birnin Dublin na ƙasar Ireland sun wallafa sakamakon nazarin jarirai 190, waɗanda 102 daga cikinsu aka riƙa sa su a keke. Sun gano cewa yaran keken sun yi jinkirin rarrafe da tsayuwa da tafiya, kuma duk awa 24 da yaro ya tara a cikin keken tana tafiya tare da jinkirin fiye da kwana uku wajen fara tafiya shi kaɗai. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 1999, a kan jarirai 109, ya samu irin wannan jinkiri wajen zama da rarrafe da tafiya. Domin in yi miki adalci, akwai nazarce-nazarcen da ba su ga wani bambanci ba tsakanin yaran keke da waɗanda ba a sa ba. Ke nan idan an yi sa'a keken bai ƙara wa yaro komai ba, idan ba a yi ba kuma ya ja shi baya. Ni a wurina, jinkirin 'yan makonni ba shi ne babban abin damuwa ba, tunda lafiyayyen yaro zai yi tafiya daga ƙarshe. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne haɗarin, wanda zan zo kansa.

Kafin nan, maganar ɗan maƙwabciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin lafiyayyun yara 816 a ƙasashe biyar, wato Gana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Abin da ta gani shi ne lafiyayyen yaro yana iya fara zama shi kaɗai tun daga kusan wata huɗu har zuwa wata tara, yana iya fara rarrafe daga wata biyar zuwa wata goma sha uku da rabi, tafiya ba tare da an riƙe shi ba kuma daga wata takwas har zuwa kusan wata goma sha takwas. Dubi faɗin wannan tazara. Yaron da ya yi tafiya a wata goma yana cikin tsari, wanda ya yi a wata goma sha biyar ma yana cikin tsari, kuma babu wanda ya fi wani lafiya a cikinsu. Ɗan maƙwabciyarki zai yi tafiyarsa a wannan lokaci ko da keke ko babu, sai dai da yake lokacin da ake sa yara a keke ya zo daidai da lokacin da jikinsu ke shirin tashi, sai yabon ya tafi ga keken. Hausawa suna cewa da rarrafe yaro kan tashi, kuma ga yawancin yara haka abin yake, ko da yake wannan nazari ya nuna cewa kimanin yara huɗu cikin ɗari ba sa rarrafe da hannu da gwiwa kwata-kwata, wasu jan mazaunai suke yi har su miƙe, kuma hakan ba ciwo ba ne.

Yanzu ga haɗarin. Yaron da ke cikin keke a kan siminti mai santsi ko tayil yana iya cin kusan mita guda a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan ya fi saurin da uwa za ta iya ajiye abin da ke hannunta, ta juya, ta kai gare shi. Shi ya sa maganar "ai ina kallonsa" ba ta wadatarwa, kuma yawancin raunukan da ake samu suna faruwa ne alhali akwai babba a wurin. Yaro ɗan wata shida ko bakwai bai san rami ba, bai san wuta ba, bai san zurfin ruwa ba. Allah ya tsara halittarsa ta yadda motsinsa zai riƙa ƙaruwa sannu a hankali tare da wayonsa, sai keken ya ba shi gudu da tsawo tun kafin wayon ya zo, tamkar a ɗora wanda bai san inda birki yake ba a kan babur a gangaren dutse.

A Amurka, inda ake tattara alƙaluman asibitoci da kyau, wani nazari da mujallar likitocin yara ta ƙasar ta wallafa a 2018 ya nuna cewa tsakanin 1990 da 2014 an kai yara fiye da 230,000, 'yan ƙasa da wata goma sha biyar, sashen gaggawa saboda raunin da suka ji a keken koyon tafiya. Kashi 74 cikin 100 faɗowa suka yi daga matakala, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na raunukan a kai ko wuya suke. Daga cikin waɗanda aka kwantar a asibiti, fiye da kashi ɗaya bisa uku ƙashin kansu ne ya tsage. Dalilin da ya sa kai ne ya fi shan wahala a fili yake. Kan jariri yana da nauyi idan aka kwatanta da sauran jikinsa, ƙafafunsa kuma suna maƙale a cikin mazaunin, don haka idan tayoyin gaba suka zarce bakin matakala, keken yana kifewa ne da shi, kansa ya fara dukan ƙasa, nauyin keken ya biyo baya. Yaron da ya gangaro da rarrafe yakan mirgina ne kusa da ƙasa, shi kuwa na keke daga sama yake faɗowa, da gudu.

Saboda irin wannan ne ƙasar Kanada ta haramta sayar da waɗannan kekuna da shigo da su da tallata su tun watan Afrilun 2004, har da na hannu, kuma ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana kira da a hana ƙera su da sayar da su. Gwamnatin Amurka ba ta kai ga haramtawa ba, amma a 2010 ta wajabta ƙa'idojin ƙira, waɗanda suka haɗa da cewa keke ya kasance yana da abin da zai tsayar da shi a bakin matakala ko kuma ya fi ƙofa faɗi. Raunuka sun ragu ƙwarai daga fiye da 20,000 a 1990, amma duk da haka a 2014 an kai yara kusan 2,000 asibiti. Idan kika kifa keken da aka sayo miki, ki duba ko akwai wasu layukan roba masu kauri a ƙarƙashin zagayen ƙasan. Su ne birkin da ake nufi. Da yawa daga cikin masu arha da na gwanjo da nake gani a gidaje ba su da su, ko kuma sun cinye. Ko da suna nan, aikinsu ya tsaya ga bakin matakala, ba sa hana yaro kai hannu ga abin da zai cutar da shi.

Kada ki ce ai ku ba a bene kuke ba. Dakalin nan hawa biyu da kika ambata ya isa. Gidajen Jos da yawa an gina su ne a kan tudu da duwatsu, za ka tarar ɗaki ya fi baranda tsawo, baranda ta fi tsakar gida, tsakar gidan kuma tana gangarawa zuwa kwata ko bakin rijiya. Faɗowa da ka a kan siminti daga tsawon gwiwar babba tana iya tsaga ƙashin kan jariri. Ga kuma abin da ke faruwa a gidan da yara suke da yawa: yayyensa 'yan shekara uku ko huɗu suna ɗaukar keken a matsayin motar wasa, ɗaya ya tura ɗaya ya tare, ana dariya, shi ma jaririn yana ƙyaƙyatawa, har a saki hannu a inda bai kamata ba.

Abin da ya fi faɗuwa ba ni tsoro a garin nan shi ne ƙuna, musamman a watannin Disamba da Janairu da sanyi ke tsananta. Ki yi tunanin safiyar hunturu a ɗakinki. An dafa ruwan wanka an juye a baho a tsakiyar ɗaki, kin fita ɗebo ruwan sanyi da za ki surka. Fulas ɗin shayi yana kan ƙaramin tebur, gefen mayafin teburin yana lilo. Kurfoti da gawayi yana lungu, ko kuma hita tana cikin bokiti da wayarta a miƙe zuwa bango. Yaron da ke zaune a kan bargo ba zai kai ga ko ɗaya daga cikinsu ba kafin ki dawo. Wanda ke cikin keke kuwa zai kai ga dukkansu, kuma da yake keken ya ɗaga shi, hannunsa yana isa saman tebur da hannun tukunyar da ke kan risho, abin da ya jawo kuma a fuskarsa da ƙirjinsa yake zubowa. Mafi muni, mazaunin yana tara ruwan zafin a cinyoyinsa da gabansa, shi kuma ba shi da ikon matsawa. Fatar jariri siririya ce, ruwan da babba zai taɓa ya janye hannu ba tare da wani tabo ba yana iya yi wa jariri ƙuna mai zurfi. Haka nan kananzir da aka zuba a robar lemo, da fiya-fiya, da maganin ɓera, da ƙwayoyin maganin manya da aka ɗora a kan durowa da tunanin cewa yaro ba zai kai ba, duk keken yana kusantar da shi gare su. Ruwan da ke cikin bokiti ko baho ma, ko bai wuce tsawon yatsa ba, yana iya halaka jariri idan ya kife da fuska a ciki, kuma ba za a ji kukansa ba.

Nakan ji iyaye suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba na jayayya da ƙaddara, amma dukkanmu muna rufe rijiya, muna kuma ɗauke wuƙa daga gaban yaro, kuma babu wanda ya taɓa cewa yin hakan rashin tawakkali ne.

Na san ba don koyon tafiya kaɗai ake son keken ba. Gaskiyar magana ita ce uwa tana buƙatar hannayenta. Ga girki, ga wanki, ga shara, wata kuma ga sana'a, yaron da aka sa a keke kuma yakan yi shiru yana ta wasansa. Wannan buƙata ce ta gaske, kuma duk likitan da ya ce a ajiye keke bai faɗi abin da za a yi a madadinsa ba, bai gama aikinsa ba. Abin da ya fi komai amfani ga yaro mai wata shida shi ne ƙasa. Ki shimfiɗa tabarma ko leda, ki ɗora bargo mai kauri saboda sanyin siminti, ki sa masa kaya masu ɗumi da ba su ɗaure masa gwiwa ba, ki ajiye shi a kai nesa da wuta da ƙofa. Ki riƙa kwantar da shi rub da ciki idan yana farke kuma ido yana kansa, ki ajiye murfin kwano ko cokalin roba ɗan nesa da hannunsa domin ya yi ƙoƙarin kaiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 na irin wannan kwanciya a rana, a rarrabe, ba a lokaci ɗaya ba. Barci kuwa a rigingine ake kwantar da jariri, kada a haɗa biyun.

Idan aiki zai ɗauke miki hankali, gadon yara mai shinge ta kowane gefe shi ne mafita, kuma kafinta zai iya haɗa miki shingen katako da za a kafa a ƙasa a kan shimfiɗa. Ki gaya masa tazarar da ke tsakanin sandunan kada ta wuce santimita shida, domin kan yaro kada ya shiga ya maƙale, ya kuma goge katakon sosai, kada ƙusa ta leƙo. Goyo ma yana nan, kuma ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri, illa dai abu biyu: kada a sunkuya da yaro a baya a kan tukunya ko mai mai zafi, kuma idan yana farke kada ya wuce awa guda a ɗaure a lokaci ɗaya, a sauke shi ya motsa jiki. Wannan iyaka ta awa guda tana cikin shawarwarin hukumar da na ambata.

Akwai keken katako mai taya uku da kafintocinmu suke yi tun da, wanda yaro ke riƙewa yana turawa daga baya. Wannan hukuncinsa daban ne, domin yaron yana tsaye a kan ƙafafunsa, yana ɗauke da nauyinsa, yana ganin inda yake takawa, idan ya gaji kuma ya saki ya zauna. Lokacinsa yana zuwa ne bayan yaro ya fara miƙewa da kansa yana bin bango ko gefen gado, wanda ga yawancin yara yakan kama daga wata tara zuwa shekara. A zaɓi mai ɗan nauyi wanda ba ya zillewa da sauri, a yi amfani da shi a fili mai laushi da babu gangara, babba yana kusa. Ko shi ɗin ma ba dole ba ne. Kujerar roba da yaro ke turawa, ko hannun kakarsa tana yi masa tatata, duk suna yin wannan aiki. Takalmi kuma ba ya koya tafiya. A cikin ɗaki ƙafa a sake ta fi, ko safa mai roba a ƙasa idan sanyi ya yi yawa.

Idan har yaron ya riga ya ji rauni, a wannan keke ko a wani abu, akwai abubuwan da ya kamata kowace uwa ta sani. Jariri ɗan ƙasa da shekara da ya faɗo daga matakala da ka, a kai shi likita ya duba ko da ya yi shiru bayan kuka. A garzaya ba tare da jira ba idan ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko barci ya rinjaye shi ba ya son tashi, ko ya yi jijjiga, ko ya ƙi nono, ko maɗigarsa ta kumbura, ko wani kumburi mai laushi ya fito a gefen kai, ko jini ko ruwa yana fita daga kunne ko hanci. Ƙuna kuwa, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na famfo ko na randa har tsawon minti 20, a cire tufafin da bai manne ba, a lulluɓe sauran jikin kada sanyi ya kama shi, a rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Kada a sa ƙanƙara, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko toka, domin ƙanƙara tana ƙara lalata fata, sauran kuma suna riƙe zafi ko su kawo ƙwayoyin cuta, suna kuma wahalar da mai wanke ciwon. Wanda ya sha kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, saboda haɗarin kananzir yana cikin shigarsa huhu ne, amai da ɗure kuma su ne suke kai shi can.

Wani dalilin da ke sa iyaye sayen keke shi ne ganin yaro ya yi jinkiri, kuma a nan ne kuskuren ya fi tsada, domin keken yana rufe matsalar da ya kamata a gano da wuri. Idan yaro ya kai wata tara bai zauna shi kaɗai ba, ko ya kai shekara ba ya iya ɗora nauyi a ƙafafunsa idan an tsayar da shi, ko ya kai wata goma sha takwas bai yi tafiya ba, likita ya kamata ya gani. Haka idan jikinsa ya cika sanƙarewa ko ya cika saki, ko yana amfani da gefe ɗaya yana barin ɗaya, ko ƙafafunsa suna harɗewa idan an ɗaga shi, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya. Yaran da suka sha wahala wajen haihuwa ba su yi kuka da wuri ba, da waɗanda shawara ta yi wa tsanani a makon farko, da waɗanda suka yi sanƙarau, su ne aka fi sa wa ido. Irin waɗannan yara keke yana ƙara musu sanƙarewar ƙafa da taka yatsu, abin da suke buƙata shi ne masu gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti su tsara musu atisaye. Bakwaini kuma ana lissafa masa watanni ne daga ranar da ya kamata a haife shi, har ya kai shekara biyu, don haka wanda aka haifa saura wata biyu, idan ya cika wata takwas ana auna shi ne da ɗan wata shida.

Tunda a Jos kike, akwai wani abu da ya shafe mu musamman, wato ciwon laushin ƙashi da ke lanƙwasa ƙafafun yara, wasu su buɗe waje, wasu su zama gwame, ya kuma jinkirta tafiya. Mutane sukan ɗora laifin a kan tsayar da yaro da wuri ko a kan goyo, alhali ba su ne sanadi ba. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a kan yara 123 masu wannan ciwo, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci shi ne babban tushen matsalar a nan, kuma yaran da aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Abincin da ya tsaya ga kunun masara da tuwo ba ya ba ƙashi abin da yake buƙata. Saboda haka idan ana son ƙafar yaro ta yi ƙwari, kuɗin keke ya fi amfani a kwanon abincinsa. Yanzu da ya cika wata shida, ki ci gaba da ba shi nono har shekara biyu, ki fara ƙara masa abinci mai kauri da ya ƙunshi kindirmo mai tsabta, da garin ƙananan kifi da aka daka da ƙayarsu ya yi laushi sosai, da kuka, da zogale, da ƙwai, da wake, ki kuma riƙa fitar da shi ya sha hantsi. Ɗan lanƙwasar ƙafa da ake gani ga yaron da ya fara tafiya yawanci tana miƙewa da kanta zuwa shekara biyu ko uku, amma wadda ke ƙaruwa, ko take a ƙafa ɗaya, ko ta zo da kumburin wuyan hannu, tana buƙatar hoton ƙashi.

Sai batun kyautar kanta, wanda na san shi ne ya fi damun ki. Akwai hanyar da za a bi ba tare da an ɓata wa Hajiya rai ba. Tayoyin yawancin waɗannan kekuna suna cirewa, idan an zare su keken ya koma kujerar wasa da ba ta motsi. A haka za ki iya sa shi, amma sai ya iya zama da kansa ba tare da filo ba, wanda bai kai ba tukuna. A daidaita tsawon mazaunin yadda tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai, a ajiye shi a kan shimfiɗa nesa da dakali da wuta da tebur, kada kuma ya wuce minti 20 a lokaci guda, wanda shi ne iyakar da hukumar lafiya ta Ingila take ba iyaye shawara a kai. Da zarar ya fara yunƙurin fita ko yana jijjiga shi har yana ɗagawa, lokacinsa ya ƙare. Tayoyin da aka cire a zubar da su, kuma kada a ba wata maijego keken da tayoyinsa.

Maganar kuma ya fi kyau ta fito daga bakin maigida, tunda mahaifiyarsa ce, ya nuna mata dakalin da idonta, ya gaya mata likita ne ya ce a cire tayoyin saboda shi. Idan za ki kai yaron rigakafin ƙyanda a wata tara, ki roƙe ta ta raka ki, ki tambayi ma'aikaciyar jinya game da keken a gabanta, a kuma duba muku zamansa da nauyinsa a wannan zuwan.